Idan Lauyanka a Ingila Ya Ci Amanarka ko Ya Yi Maka Sakaci, Ina Za Ka Kai Kuka?

Wata ƙanwata da ke aikin jinya a arewacin Ingila ta kira ni wani dare bayan isha'i, muryarta a dushe. Ta ce, "Yaya, yau wata huɗu ke nan da na biya lauya kuɗin sabunta mini takardar zama, har yanzu bai ce mini uffan ba. In na buga waya a ce yana kotu. In na tura imel, shiru kamar an shuka dusa. Ga takardar tawa saura mako tara ta ƙare."

Na tambaye ta ko ta rubuta wa ofishin nasu ƙorafi. Sai ta ce, "Haba Yaya! Mutumin nan fa sa'an Baba ne. Kuma Kawu ne ya haɗa mu da shi. In na kai ƙararsa, da wane ido zan dubi Kawu?"

Ba ita kaɗai ke wannan tunani ba. Mutanenmu da ke zaune a Birtaniya, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, har da masu zuwa daga Kano ko Abuja su sayi gida, da yawa sukan shiga ofishin lauya ɗauke da kara da kawaicin da aka rene mu a kai. Kara hali ne na kirki, ba na raina ta. Sai dai tsarin da aka gina a ƙasar nan don kare wanda ya ɗauki lauya, da takarda yake aiki da kuma kwanan wata. Mutumin da ya shafe shekara biyu yana haƙuri, yana jiran lauya ya ji kunya ya gyara, zai iya zuwa ya tarar an rufe ƙofar da za a share masa hawaye, alhali yana da gaskiya, don kawai wa'adi ya wuce.

A gida Najeriya lauya lauya ne. Wanda ya gama Makarantar Horas da Lauyoyi, ta Bagauda ce ko ta Abuja ko ta Legas, sunansa na shiga rajistar Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita a lokaci guda. Shi zai rubuta maka takardar cinikin fili, shi kuma zai sa baƙar riga da hular gashi ya tsaya maka gaban alƙali. Shi ya sa kowa muke ce masa Barista. A Ingila da Wels kuwa, inda muka gaji tsarin shari'ar, aikin a rabe yake gida biyu. Solisita shi ne wanda kake shiga ofishinsa ka zauna ka zayyana masa matsalarka; shi ke riƙe fayil ɗinka, shi ke rubuta wasiƙu da sunanka, kuɗinka ma a hannunsa suke zama. Barista ƙwararre ne a tsayuwa gaban alƙali da warware batu mai sarƙaƙiya, kuma galibi solisita ne ke ɗauko maka shi idan buƙata ta taso. Katangar da ke tsakaninsu ta rage tsayi, domin tun bayan wata doka ta 1990 solisita na iya neman izinin tsayawa a manyan kotuna. Amma kowane rukuni da hukumar da ke sa masa ido, kuma a nan maganar solisita muke yi.

Yawancin aikinsa ba a kotu yake ba. Cinikin gida, rubuta wasiyya, tattara dukiyar mamaci da biyan bashinsa, rabuwar aure da riƙon yara, biza da neman mafaka, kora daga aiki, diyyar haɗari. In 'yan sanda suka kama mutum, dokar 1984 ta ba shi damar ganin solisita a caji ofis kyauta, komai arzikinsa ko talaucinsa. Akwai kuma wani wuri da ya shafe mu Musulmi sosai wanda ake sakaci da shi: wanda ya rasu a Ingila bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar ƙasar ce za ta raba dukiyarsa, ba ilimin gado ba. Matar da aka ɗaura mata aure a falo a nan Ingila, ba a yi rajistar hukuma ba, tana iya wayar gari doka ba ta san ta a matsayin matar aure ba. Irin wannan rami solisita nagari ke tsallakar da mutum tun kafin ya faɗa.

Sunan solisita ba a ɗaukarsa haka kawai. Tun 2021 hanyar ita ce cin jarrabawar da ake kira SQE, da aikin horo na shekara biyu, da binciken hali, sannan kowace shekara a sabunta lasisin aiki. Dokar Solisitoci ta 1974 ta mayar da shi laifi mutum ya kira kansa solisita alhali ba shi ba ne. Amma kalmar Turancin da muka aro "lauya" daga gare ta ba ta da wannan kariyar. Kusan kowa na iya manna ta a ƙofar shagonsa. Don haka kafin ka biya ko fam ɗaya, shiga shafin intanet na SRA, hukumar da ke sa wa solisitoci ido, ka nemi sunan mutumin da na ofishinsa a rajista. Minti biyu ne, kuma kyauta. In an taɓa hukunta shi, sau da yawa a nan za ka gani.

SRA ɗin nan ita ce hukumar da ke kula da solisitoci, hedikwatarta na Bamingham. A watan Nuwamban 2019 ta fitar da sabbin ƙa'idoji da aka gina a kan ginshiƙai bakwai, cikinsu har da gaskiya, da riƙon amana, da cin gashin kai, da yin abin da ya fi wa wanda ake wakilta alheri. Wani abu da mutanenmu ke yawan kasa fahimta shi ne, idan maslaharka ta ci karo da haƙƙin kotu na a gaya mata gaskiya, haƙƙin kotu ne a gaba. Lauyanka zai rufa maka asiri, abin da ka faɗa masa don neman shawara ba zai fita ba, don haka ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ka gaya masa komai. Amma ba zai yi ƙarya dominka ba, kuma ƙin yin ƙaryar ba dalilin ƙorafi ba ne. Haka nan idan ka turo kuɗin sayen gida daga Najeriya ya tsare ka da tambayar inda ka samo su, yana neman takardun banki na watanni, ba raini ba ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ce ta ɗora masa, in bai tambaya ba shi za a kama.

Kuɗin da ka ba shi ajiya, kamar kuɗin gida ko na magada, dole su zauna a asusu na daban da ba a haɗa shi da kuɗin ofis. Ba ya da ikon ya ranta daga ciki ya biya albashi ko haya da niyyar zai mayar gobe. Taɓa wannan asusu na cikin manyan abubuwan da ke raba solisita da sana'arsa.

Na ce wa ƙanwata ta buɗe imel ɗin farko da ofishin ya turo mata ranar da ta ɗauke su aiki. Akwai wata doguwar takarda a liƙe, mai shafi takwas, wadda ta sa wa hannu a waya ba ta karanta ba. Muna kan layi tana gangarawa da yatsa, har ta iso kusan ƙarshe, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, ashe su da kansu suka rubuta sunan wanda zan kai wa ƙorafi." Haka ne. Ƙa'ida ta wajabta wa kowane ofishi ya sanar da kai a rubuce, tun ranar farko, cewa kana da damar yin ƙorafi kan aikinsu da kuma kan kuɗin da suka caje ka, da yadda za ka yi shi, da inda za ka wuce in ba ka gamsu ba. Lauyan da ya ba ka wannan takarda ya san da zaman ranar da za ka yi amfani da ita. Ba cin fuska ba ne, hanya ce da sana'ar ta shimfiɗa da kanta.

Da can ba haka abin yake ba. Ƙungiyar solisitoci, wato Law Society, da aka kafa a 1825, ita ce ke kare muradun lauyoyi, ita ce kuma ke sauraron kukan da ake kawowa a kansu. Jama'a suka daɗe suna cewa mai kare ka ba zai zama alƙalinka ba, ga jinkiri da ya yi katutu. Gwamnati ta ɗora wa Sir David Clementi bincike, ya miƙa rahotonsa a Disambar 2004, daga nan aka samu Dokar Ayyukan Shari'a ta 2007. Aka ware aikin sa ido aka ba SRA, aka kuma kafa ofishin sauraron koke mai zaman kansa, Legal Ombudsman, wanda ya fara aiki a Oktoban 2010. Tun daga lokacin ƙofofi biyu ne, kuma rashin sanin wacce za a ƙwanƙwasa na cinye wa mutane watanni.

Ƙofa ta farko ta sakaci ce da rashin kyautata aiki: jinkiri, ƙin amsa waya da wasiƙa, ɓatar da takardu, ƙin bin umarninka, kuɗin da ya ninka abin da aka faɗa maka ba tare da gargaɗi ba. Wannan na Ombudsman ne. Ta biyu ta rashin ɗa'a ce: ƙarya, cin kuɗin ajiya, ƙirƙirar takardu, wariya, cin zalin mai rauni, wakiltar ɓangarori biyu masu karo da juna. Wannan na SRA ne. Ombudsman na iya sa a biya ka, amma ba ya ƙwace lasisi. SRA na iya kai mutum ga rasa lasisi, amma ba ta yanke maka diyyar sakaci. Matsala ɗaya na iya shiga ƙofofin duka biyu, misali lauyan da ya yi jinkiri sannan ya yi maka ƙarya cewa ya riga ya tura takardun.

Kafin ka je Ombudsman dole ka fara da ofishin da kansa. A nan ne nake roƙon 'yan'uwa su bar dogaro da baki. Kiran waya da "don Allah a duba mini" ba ya barin sawu. Ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka ambaci kalmar ƙorafi ƙarara a saman takardar don kada a ce tambaya ce kawai ka yi. Ka jero abin da ya faru bi da bi: ranar da ka biya, nawa ka biya, abin da aka yi maka alkawari, ranakun da ka nema ba a amsa ba, da irin cutar da hakan ya jawo maka. Sannan ka faɗi abin da kake so a yi, ko a kammala aikin nan da rana kaza, ko a mayar maka da wani kaso na kuɗinka, ko a ba ka fayil ɗinka. Ban da zagi, ban da barazana. Takardar da aka rubuta da sanyin rai ta fi cizo, domin wata rana baƙon ido ne zai karanta ta ya auna wa ya fi natsuwa. Ka ajiye kwafi, ka ajiye rasit, saƙonnin WhatsApp ma ka ɗauki hotonsu.

Daga ranar da ka miƙa ƙorafin, ofishin na da mako 8. Ba su da ikon cajin ka kuɗin duba shi. In suka ba ka amsar ƙarshe ba ta gamsar da kai ba, ko makonnin suka cika shiru, hanyar Ombudsman ta buɗe.

Yanzu ga batun wa'adi, wanda shi ne ya fi damuna. Kana da wata 6 daga ranar amsar ƙarshe ka kai kukanka, muddin sun bayyana maka wannan wa'adin a cikin amsar. Ban da wannan, dole ka kai cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar da ya kamata a ce ka gane akwai matsala. Kafin 1 ga Afrilun 2023 wa'adin shekara 6 ne daga faruwar abin, ko shekara 3 daga gane shi. An rage shi ne a lokacin da koke-koke suka taru suka yi wa ofishin Ombudsman yawa. A ganina ragin ya yi tsanani, kuma waɗanda ya fi taɓawa su ne irinmu: baƙo da bai san tsarin ba, mai tsoron kada ƙorafi ya shafi bizarsa, mai jiran dattijon da ya haɗa su ya sa baki. Shekara ɗaya a wurin mai kawaici kamar kiftawar ido ce. Ombudsman na da ikon karɓar koken da ya makara idan ya ga adalci ya buƙaci haka, kamar wanda rashin lafiya ta kwantar, amma wannan alfarma ce, ba a gina gida a kanta. Kuma kai ƙarar lauya ba ya shafar takardar zamanka. Ofishin nan ba reshen ma'aikatar cikin gida ba ne.

Kai kuka wurin Ombudsman kyauta ne, ba ka buƙatar ɗaukar wani lauyan. Ɗaiɗaikun mutane na iya zuwa, da ƙananan sana'o'i, da ƙananan ƙungiyoyin agaji, da magadan da lauyan da ke kula da dukiyar mamaci ya wahalar. Wanda ba ya iya zuwa, galibi, shi ne mai jin haushin lauyan abokin shari'arsa, domin wannan ba kai yake wa aiki ba. In ya yi rashin ɗa'a, SRA za ka sanar. In kuka ya isa wurin Ombudsman, da farko sukan gwada sulhu cikin sauri. In bai yiwu ba a ba mai bincike, ya nemi fayil daga ofishin, ya saurari kowa, ya faɗi ra'ayinsa. In wani ɓangare bai yarda ba, ana iya miƙa batun ga ɗaya daga cikin manyan jami'an ya yanke hukuncin ƙarshe. Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne abin da ya dace da adalci da hankali a yanayin da ake ciki. Ba sa sake sauraron shari'ar da ka faɗi a kotu. Faɗuwa a shari'a ba ita ce shaidar lauya ya yi sakaci ba.

Suna iya umartar ofishin ya ba ka haƙuri, ya mayar maka da takardunka, ya gyara aikin da kuɗinsa, ya rage ko ya mayar da kuɗin aiki, ko ya biya diyya har fam 50,000. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Diyyar ɓacin rai da wahala yawanci 'yan ɗaruruwan fam ce; manyan kuɗi sai inda aka nuna asara ta zahiri da takarda. Akwai kuma jira, wanda kan ɗauki watanni. Abu na ƙarshe da ya kamata ka auna da kyau: idan ka amince da hukuncin ƙarshe, ya zama dole a kan lauyan, har kotu na iya tilasta shi, amma kai ma ka rufe wa kanka ƙofar sake kai shi kotu a kan wannan batun. In asararka ta kai ta gida guda, ka nemi shawarar wani lauyan kafin ka sa hannu, domin ƙarar sakaci a kotu ba ta da wannan iyakar, kuma galibi wa'adinta shekara 6 ne. Kowane ofishi dole ya riƙe inshorar da ba ta gaza fam miliyan 2 ba, wasu nau'o'in ofisoshin miliyan 3, don irin wannan rana.

Ƙofar SRA daban take. Kowa na iya kai rahoto, ko ba shi ya ɗauki lauyan ba. Sai dai da zarar ka kai, ka zama mai ba da shaida, maganar ta koma tsakanin hukuma da lauya. Suna iya rufe batun in sun ga bai kai ya kawo ba, ko su yi gargaɗi, ko tsawatarwa a rubuce, ko su gindaya wa lasisin sharuɗɗa, ko tara. Har zuwa 2022 iyakar tarar da suke iya yi wa solisita da kansu fam 2,000 ce, sai aka ɗaga ta zuwa 25,000. Abin da ya fi wannan nauyi galibi sai a gurfanar da mutum gaban kotun ɗa'ar solisitoci, wadda dokar 1974 ta kafa, kuma ba a ƙarƙashin SRA take ba. Mutum uku ke zama, solisita biyu da mutum ɗaya wanda ba lauya ba. Tana iya cin tara ba iyaka, ta dakatar, ko ta soke suna daga rajista gaba ɗaya. Tun Nuwamban 2019 ba a buƙatar hujja mai ƙarfin ta shari'ar laifi. Ya isa a nuna cewa zargin ya fi kusa da gaskiya. Ana wallafa hukunce-hukuncenta kowa ya karanta.

Tsananin wannan kotu a kan amana yana da tushe. A ƙarshen 1993 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukunci a shari'ar Bolton, wani solisita da ya saki kuɗin da masu ba da bashin gida suka damƙa masa kafin a cika sharuɗɗa, a wani ciniki da ya shafi iyalinsa. Ba a same shi da niyyar sata ba, kuma kuɗin sun dawo, duk da haka kotun ɗa'a ta dakatar da shi shekara biyu. Mai shari'a Sir Thomas Bingham ya bayyana cewa hukuncin ya dace, domin mutuncin sana'ar ya fi makomar mutum ɗaya daga cikinta muhimmanci: mai sayar da gidansa, wanda sau da yawa shi ne duk abin da ya mallaka, dole ya iya miƙa kuɗin ga kowane solisita ya yi barci. Mu ma mun san wake ɗaya ke ɓata gari. Daga nan ƙa'ida ta zauna cewa wanda aka samu da rashin gaskiya, soke sunansa za a yi, sai a yanayi na musamman ƙwarai.

A 2018 Babbar Kotu ta nuna iyakar wannan togaciya. Wata matashiyar solisita ta bar aikin wani fayil ya kwanta, sai ta rubuta wasiƙu ta sa musu kwanan watan baya don a ga kamar tana aiki. An tabbatar tana cikin matsanancin matsin lamba a wurin aiki, har lafiyarta ta taɓu, kotun ɗa'a ta tausaya ta bar ta a sana'ar. Babbar Kotu ta ce a'a, a soke sunanta. Ina jin tausayin yarinyar har yau, kuma ina ganin waɗanda suka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta suna da nasu alhakin. Amma dubi inda layin yake. Jinkirin da ta yi, da ta faɗi gaskiya, magana ce ta ba da haƙuri da diyya. Rufe jinkirin da ƙarya shi ya raba ta da aikinta.

In SRA ta ga kuɗin jama'a na cikin haɗari, tana da ikon dirar wa ofishi ta rufe shi a rana ɗaya, ta kwashe fayiloli, ta riƙe asusun. Waɗanda kuɗinsu suka salwanta ta hanyar rashin gaskiya suna iya neman a biya su daga wani asusun diyya da solisitoci duka ke zuba wa kuɗi kowace shekara. Iyakar biya ɗaya fam miliyan 2 ce, ana so a nema cikin wata 12, kuma hukumar ce ke da ta cewa a kan wanda za a ba. An gwada ƙarfin asusun a Oktoban 2023, lokacin da aka rufe kamfanin lauyoyi na Axiom Ince bayan an gano giɓin sama da fam miliyan 60 a kuɗin ajiyar mutane. A 2024 kuɗin da kowane solisita ke zubawa ya tashi daga fam 30 zuwa 90. Bayan shekara guda, binciken da hukumar da ke saman SRA ta sa aka yi ya nuna ita kanta SRA ba ta yi abin da ya kamata a kan lokaci ba. Wato mai gadin ma akwai mai duba shi, kuma an kama shi da gyangyaɗi. Ba na ce tsarin ba shi da aibi ba ne. Ina cewa yana da inda ake kama shi.

Batun kuɗin aiki yana da wata hanya ta uku. Ban da Ombudsman, dokar 1974 ta ba ka damar neman kotu ta tantance takardar cajin. In ka nema cikin wata 1 da karɓarta, haƙƙinka ne. Bayan haka sai yadda alƙali ya gani, kuma in shekara ta cika da biyan kuɗin, magana ta ƙare. Akwai tarko a ciki: in kotu ba ta rage kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba, galibi kai za ka biya kuɗin zaman tantancewar. Ka kuma sani cewa lauyan da kake bin sa aiki, shi kuma yana bin ka kuɗi, yana iya riƙe fayil ɗinka har ka biya.

A harkar biza ne aka fi cutar mutanenmu, kuma sau da yawa mai cutar ba solisita ba ne sam. Wani ne da aka ce "ya san hanya". Dokar 1999 ta haramta ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a sai ga lauya mai lasisi ko wanda ke da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan aiki, wadda tun Janairun 2025 ake kira IAA. Wanda ba ya cikin ko ɗaya, in ya cinye kuɗinka, ba Ombudsman, ba inshora, ba asusun diyya. Masu lasisin ma akwai ɓata-gari: a 2023 SRA ta rufe ofisoshi uku bayan wata jarida ta ɗauki bayanan ma'aikatansu a ɓoye suna tayin ƙirƙira wa mutum labarin neman mafaka. Duk wanda ya ce zai tsara maka labari, ka tashi ka bar ofishin. Ranar da asiri ya tonu shi lasisi zai rasa, kai kuma sunanka ne a kan takardar ƙaryar.

Duk wannan na Ingila da Wels ne. Sikotlan na da hukumar karɓar kokenta daban, Ailan ta Arewa ma da nata tsarin. A gida kuwa, kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, shi ke da ikon gargaɗi ko dakatarwa ko soke sunan lauya.

A daren nan muka rubuta takardar ƙanwata, sakin layi biyar. Na nuna mata cewa ƙorafi ba ya tsayar da agogon biza: abin da doka ke dubawa shi ne a shigar da buƙatar sabuntawa kafin tsohuwar takarda ta ƙare, in an yi haka izinin zamanta na ci gaba har a yanke hukunci, in kuwa aka bari ta ƙare ta shiga wani hali. Don haka ta ba su kwana 10 su shigar, in ba haka ba su miƙo mata fayil ta kai wani wuri. Da safe, kafin ta tura, ta kira Kawu ta gaya masa da bakinta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ki tura, 'yata. Ni na haɗa ku don ya yi miki aiki ne."

Kwana uku bayan nan wata babbar lauya a ofishin ta kira ta. Ashe ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗin ya bar aiki tun watanni biyu, ba wanda aka miƙa wa. Aka shigar da takardunta a cikin makon, aka turo mata shaidar shigarwa, da wasiƙar ban haƙuri, da tayin mayar mata da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin. A ƙasan wasiƙar an rubuta adireshin Ombudsman da wa'adin wata 6, ko da ba ta gamsu ba. Ta karɓi tayin. Wasiƙar tana nan cikin jakar da take ajiye fasfonta.